Ranar da na kori zalɓe da kaina



Farkon zuwana fadamar Haɗeja-Nguru ɗaukar hoton tsuntsaye, lokacin hunturu ne. Na hango zalɓe tsaye cikin ruwa yana dakon kifi, sai na nufe shi da sauri, ga farar riga a jikina. Wallahi kafin in ɗaga kamara ya tashi, sauran ma suka bi shi.

Mai kwalekwalen ya ce, "Malam, ai zama ake yi."

Gaskiyarsa. Wasunsu daga Turai suke zuwa a gajiye, in ka kore su ka hana su kiwo.

Washegari na yi sammako da kaya kalar ƙasa, na zauna shiru, rana na bayana. Da kansu suka matso.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.