Wanda Ya Ƙara Wa Gari Nauyi, Ya Ƙara Masa Gadi

Lacca da aka gabatar a Toranke, ƙaramar hukumar Ajingi

   

Ba sai na ba ku labarin satar babura da ta dabbobi ba, kun fi ni sani. Kowa kuma ya san sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a Najeriya, ta Tarayya. Abin da ya kawo ni tambaya ce da muke ta kewayewa a kowane taro: idan gari ya faɗaɗa, wa zai ɗauki nauyin faɗaɗa tsaronsa?

Shekarun baya, a wata ƙaramar hukuma da ba wannan ba, aka sace wa ƙanena shanun huɗa biyu ana gab da faɗuwar damina. Na raka shi ofishin 'yan sanda da sanyin safiya. Jami'in da muka tarar ya saurare mu cikin mutunci, ya rubuta komai a wani littafi mai yagaggen bango, sannan ya nuna mana motar sintiri a gindin darbejiya, an ɗora ta a kan duwatsu, babu tayoyin baya, kaji na kwance a ƙarƙashinta. Ya ce in muna son a bi sawu sai mu ɗauko hayar babura mu zuba mai. Haka muka yi, amma kafin mu kai inda sawun ya ɓace rana ta take. A hanyar dawowa na ƙirga sababbin gidajen mai uku da wani katafaren sito na hatsi. Duka suna jawo baƙi da kuɗi da manyan motoci har cikin dare, kuma babu wanda aka nemi ya sayo wa wancan ofishi ko taya ɗaya.

Tun ranar nake kan ra'ayi guda, abokan aikina har sun gaji da jin sa. Duk wanda zai kafa gidan mai, ko injin casar shinkafa, ko sito, ko jerin shaguna, ko ya yanka gona ya mai da ita fulotai ya sayar, to ya biya wani kuɗi sau ɗaya lokacin karɓar takardar izini. Ina kiran sa kuɗin nauyin gini. Ba ya hawa kan manomin da ya ƙara wa ɗansa ɗaki zai yi aure, balle matar da ta kafa rumfar ƙosai.

Ba ni na ƙirƙiro shi ba. Ƙananan hukumomi a Amurka sun daɗe suna karɓar irinsa don hanyoyi da makarantu da ofisoshin kashe gobara da na 'yan sanda. A Ingila ma sashe na 106 na dokar tsara birane ta 1990 ya ba hukuma damar ƙulla yarjejeniya da mai gini ya biya ɗawainiyar da gininsa zai jawo. Amma sharuɗɗan ne nake so ku riƙe, don a nan maganar take. Jihar Kalifoniya ta yi doka a 1987 da ta wajabta wa hukuma ta faɗi abin da za ta yi da kuɗin tun kafin ta karɓa, ta ajiye shi a asusu na daban, ta riƙa bayyana lissafinsa kowace shekara. In ya shekara biyar a kwance hukuma ba ta kawo hujjar riƙe shi ba, a mayar wa masu shi. Kotun Ƙolin Amurka kuma ta yi hukunci a 1987 cewa dole abin da aka ɗora wa mai gini ya kasance yana da alaƙa da matsalar da gininsa zai haifar, a 1994 ta ƙara da cewa dole ya zama daidai gwargwadon matsalar. A 2024 wani mutum mai suna George Sheetz, wanda aka caje shi dala 23,420 na kuɗin hanya don zai kafa ɗan ƙaramin gida, ya kai ƙara har can, kuma alƙalan suka haɗu baki ɗaya cewa ko majalisa ce ta tsara kuɗin bai kuɓuta daga waɗannan sharuɗɗa ba.

Ku kawo wannan gida. Gidan mai da ke riƙe tsabar kuɗi har bayan isha ba nauyinsa ɗaya da shagon tela ba, don haka kuɗinsu ba zai zo ɗaya ba. Abin da aka karɓa a Toranke a kashe shi a Toranke. Kuma kada kwabo ɗaya ya tafi albashi ko alawus, domin kuɗin da ke shigowa sau ɗaya ba zai ciyar da bakin da ke buɗewa kowane ƙarshen wata ba. Na gini ne da kayan aiki: ƙaramin ofishin 'yan sanda mai banɗaki da ɗakin da mace za ta kawo ƙara ba tare da idon jama'a ba, babura masu shiga yashi, fitilun sola a tasha da bakin kasuwa, rediyon oba-oba. 'Yan sintiri a ba su tocila da takalma da rigar ruwa, su yi aiki ƙarƙashin idon baturen 'yan sanda, amma kada a danƙa musu kuɗi a hannu. Dattawan nan sun tuna 'yan dokar En'e, waɗanda ake biya daga baitulmali da kuɗin haraji da jangali, da yadda aka yi amfani da su a kan 'yan jam'iyyar NEPU kafin a haɗe su da 'yan sandan Tarayya a ƙarshen shekarun 1960. Wanda ke biyan albashin mai kulki shi ke nuna masa wanda zai daka, shi ya sa na tsaya a kan tubali da ƙarfe.

Masu suka sun ce wannan haraji ne ya dawo ta bayan gida, bayan marigayi Gwamna Abubakar Rimi ya soke shi da jangali a 1979. Haraji kan talaka yake hawa, wannan kuwa jari yake bi. Wasu sun ce zai kori masu zuba jari. Ɗan kasuwa ya fi tsoron ɓarawo a kan rasit. Wasu kuma sun ce mu jira asusun tallafa wa 'yan sanda da aka kafa a 2019 da kashi 0.5 cikin 100 na kuɗin Tarayya, ko mu jira 'yan sandan jihohi. Jiran ai mun yi shi. Legas ba ta jira ba, ta kafa nata asusun tsaro tun 2007 da gudummawar kamfanoni. Mu ba mu da hedikwatar bankuna, filaye gare mu.

Ƙofar doka a buɗe take. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka a filayen da ba na birni ba, kuma a daidai wannan gaɓa ya kamata a karɓa. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya rage uzuri. Sai dai kansiloli su kaɗai ba za su ƙago kuɗi ba, sai da doka daga Majalisar Dokokin Jihar Kano, don haka ina kira ga wakilinmu na Ajingi ya gabatar da ƙudurin. Ajingi da Gaya da Albasu su tsayar da farashi ɗaya, kada mai gini ya tsallaka iyaka don gudun biya. Asusun ya zama na daban, mai sa hannun mutum uku: ma'ajin ƙaramar hukuma, wakilin masarauta da wakilin 'yan kasuwar da suka biya. Duk bayan wata uku a manna lissafin a bangon sakatariya, a kuma karanta shi a bainar jama'a ranar kasuwa. Abin da ya shekara biyar ba a taɓa ba, a kira masu shi da rasit ɗinsu a mayar musu.