Tukunya Ɗaya, Cuta Biyu

Kafin a buɗe akwati, ku ba ni hankalinku kaɗan.

Goggona, kowa cewa yake ta samu hutu, don ta yi jiki. Wata Lahadi ta dawo daga kasuwar Illela, tana alwala sai ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Wasu suka ce iska ce. A asibiti aka ce hawan jini ne, ya daɗe ba ta sani ba. Adashinta na shekara da awakinta biyu duk suka tafi a magani. A gidan nan kuma, jikanta yana fama da tamowa.

To, yaya tukunya ɗaya ta kawo cuta biyu? Tuwo da taliya da mai da suga suna cika ciki, su sa ƙiba, amma ba su isa gina jiki ba. Yaro kuwa koko zalla ake ɗura masa. Wanda ya rasa abinci mai kyau a kwana 1,000 na farko, wato daga ɗaukar ciki zuwa shekara 2, ya fi saurin kamuwa da hawan jini da ciwon suga in ya girma. Da can ciwon 'yan birni ake cewa. Yau lemon kwalba da taliyar leda sun cika shagunanmu, daga Araba har Konni.

Ga abin da za mu iya.

Gishiri: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule. Mu rage dunƙule, mu ƙara daddawa.

Jariri: nonon uwa zalla har wata 6. Bayan nan a haɗa da kunun gero mai gyaɗa, wake, zogale da ƙwai.

Sha-ka-fashe: don Allah mu bar shi. Kumburi ne, ba lafiya ba, kuma yana iya tayar da hawan jini da suga.

Awo: in jini ya kai 140/90, a koma a sake aunawa, a bi maganar ma'aikacin lafiya. Damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 in ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, asibiti ran nan.

Shawarata, mu ware wani abu daga asusun taimakon juna don kuɗin mashin zuwa awo. Rigakafi ya fi magani. Inna shugaba, me kika gani? In kun amince, a rubuta yau.