ZAƁEN MANHAJAR GINA SHAFIN INTANET: JAWABI GA JAMA'A



Maƙasudin wannan jawabi shi ne a faɗakar da 'yan kasuwa, da shugabannin makarantu, da ƙungiyoyi, da ma'aikatan hukuma, game da zaɓen manhajar da za a gina shafin intanet da ita, a kuma riƙa tafiyar da shi. Al'amarin ba ƙarami ba ne, domin wanda ya yi zaɓen tumun dare yakan wayi gari ya tarar kuɗinsa sun salwanta, shafin kuma ya kuɓuce masa.

Manhajojin nan iri biyu ne. Iri na farko su ne waɗanda ake bayarwa kyauta, kowa yana da ikon ɗauka ya gyara yadda ya ga dama. Daga cikinsu akwai Drupal, wadda Dries Buytaert, mutumin Beljiyam, ya fitar a 2001; da WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003; da kuma Joomla ta 2005. WordPress ce ta fi yaɗuwa, har ana ƙiyasta cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya da ita aka gina su, saboda haka samun wanda ya iya aikinta ba shi da wuya. Drupal kuwa ta fi dacewa da manyan ma'aikatu da jami'o'i, amma tana bukatar ƙwararre. Sai dai a sani, manhajar ce kaɗai kyauta. Lalle ne a biya kuɗin mazaunin shafin da na rajistar sunansa.

Iri na biyu su ne na haya, kamar Wix da Squarespace, da Shopify ta masu sayar da kaya. A nan kamfani ne yake ɗaukar nauyin mazauni da tsaro, mai shafi kuwa ya riƙa biya wata-wata ko shekara-shekara. Akwai sauƙi ƙwarai, amma galibi da kuɗin waje ake biya, watau duk lokacin da darajar Naira ta faɗi, kuɗin haya ya tashi ke nan. Har ila yau, wanda ya gina shafi a Wix ba shi da halin kwashe ginin ɗungurungum ya kai wani mazauni. In zai tashi, sai ya sake gini.

To, kafin a yanke shawara, sai a auna abubuwa huɗu.

Na farko, wane aiki shafin zai yi? Makarantar da take son buga sanarwa kawai, bukatarta dabam da ta ɗan kasuwar da zai karɓi kuɗi. Shi wannan sai ya tabbatar manhajar tana aiki da hanyoyin biya na gida, irin su Paystack da Flutterwave.

Na biyu, wa zai kula da shafin bayan an gama gini? Manhaja tana tsufa. An daina tallafa wa Joomla 3 a Agusta 2023, Drupal 7 kuma a Janairu 2025, kuma duk shafin da ya tsaya a kansu ya zama gida marar ƙyaure. A WordPress kuwa, ta ƙananan manhajojin da ake liƙa mata ne masu kutse suka fi samun ƙofa. Saboda haka a taƙaita su, a riƙa sabunta su, a kuma ajiye kwafin shafin a wani wuri dabam. Rigakafi ya fi magani.

Na uku, a gwada shafin a wayar hannu, domin da ita yawancin jama'armu suke shiga intanet. A kuma duba ko haruffanmu masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, suna fitowa daidai.

Na huɗu, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne mallaka. A yi rajistar sunan shafi da sunan ƙungiya ko kamfani, kada a yi da sunan ɗan kwangilar da ya gina shi, a kuma karɓi kalmomin sirri duka a rubuce tun ranar miƙa aiki. Ƙungiyar NiRA ce take kula da sunayen da suka ƙare da .ng, sunayen .gov.ng kuwa na hukumomin gwamnati ne kaɗai, ta hannun hukumar NITDA. Bugu da ƙari, duk shafin da yake karɓar sunaye da lambobin wayar mutane, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta hau kansa, ta kuma wajabta masa tsare su.

Daga ƙarshe, muna kira ga jama'a da kada sauƙin farashi ya ruɗe su, domin araha ba ta ado. A zaɓi abin da ake iya riƙewa shekara da shekaru, a kuma rubuta yarjejeniya da duk wanda aka ba aikin.

Allah Ya taimaki Nijeriya. Wassalamu alaikum.