Jirgin da Ya Ɗauki Talaka



Ranar 17 ga Disamba, 1903, a Kitty Hawk ta ƙasar Amurka, wa da ƙane masu sana'ar kekuna, Wilbur da Orville Wright, suka tayar da jirgin da suka haɗa da katako da yadi. Orville yana kwance rub da ciki a kan fiffike yake tuƙi. Sakan 12 ya yi a sama, tafiyar mita 37 kacal. Ba a daɗe ba, a 1925, jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar suka sauka a Kano.

In ana zancen ci gaban jirgin sama, gudu aka fi ambata. Ni kuwa abin da nake dubawa shi ne wane ne ya samu kujera a ciki.

Kafin talaka ya samu kujera sai da aka yi asarar rayuka. Comet, jirgin fasinja na farko mai injin jet, ya fara aiki a 1952. A 1954 guda biyu suka tarwatse a sararin sama. Injiniyoyin Ingila suka saka gangar jikin wani Comet ɗin cikin ƙaton tanki, suna ɗura masa ruwa suna sassautawa, sau dubbai, har ƙarfen ya tsage daga kusurwar wata taga. A nan aka gane cewa ƙarfen jiragen ne ya gaji.

To, a 1969 jirage biyu suka yi tashinsu na farko. Concorde na Faransa da Ingila ya ninka gudun sauti, yana kai mutum New York daga Landan cikin awa uku da rabi, amma kujerunsa kusan 100 ne, kuɗinsu kuwa sai wane da wane. Guda 20 aka ƙera, a 2003 aka jingine shi. Boeing 747 bai kai rabin gudunsa ba, sai dai yana kwasar mutum fiye da 350 a sahu ɗaya, kuma da aka raba kuɗin mai a kan wannan taro sai tikiti ya sauko. An ƙera 1,574.

Mu nan mun san amfanin wannan. Kakanninmu da ƙafa da jaki suke nufar Makka, ta Chadi da Sudan har tashar jiragen ruwa ta Sawakin, suna yada zango su yi noma su tara guzuri. Wasu sai bayan shekaru suke dawowa, wasu kuma jikokinsu na can Sudan har yau. Da kamfanonin Kabo Air da Max Air suka kawo 747, manomi daga ƙauye yakan hau a Kano, cikin awa biyar yana Jidda.

A farkon 2023 kamfanin Boeing ya miƙa 747 na ƙarshe. Lissafin da ya ɗaukaka shi, shi ya kayar da shi: jirage masu inji biyu yanzu suna yin doguwar tafiyar da yake yi da inji huɗu, kuma ba su kai shi shan mai ba.