Jawabi Ga Hakimai Kan Saƙar Bargo Da Guntayen Zare

Kowace shekara, daga Disamba zuwa Fabrairu, ɗarin hunturu yakan tsananta a ƙasar Bodinga da Shagari, yara ƙanana su yi ta fama da mura da tari. Ba kowane magidanci ke da halin sayen bargo ba. Alhali kuwa guntayen zaren ulu da ke saura bayan an saƙa hula ko rigar jariri, zubar da su ake yi.

Ga yadda za a amfana da su. Mace ta sami kwarashi, ta fara sarƙa mai tsawon taƙi guda. Sa'an nan ta soka kwarashi cikin kowane ido, ta jawo zare, idanu su zama biyu, ta sake jawo zare ta cikinsu duka. In ta kai ƙarshe ta ƙara ido ɗaya, ta juyo. Haka za ta yi har tsawo ya yi daidai da faɗi. Irin wannan ƙyalle 30, biyar-biyar a jeri shida, in an ɗinke su, sun isa bargon yaro. Kada a gama zare mai kauri da siriri, don bargon zai karkace.

Sana'ar hannu ba abin kunya ba ce. Shehu Usmanu, wanda ya zauna Sifawa har 1815, an san shi da tufkar igiya.

Saboda haka ana roƙon hakimai su umurci dagatai da masu unguwanni su nemo matan da suka iya, su koya wa maƙwabtansu tun da kaka. Malaman hakimai su rubuta sunayen garuruwan da aka fara. Da tsohuwar zuma ake magani.