TIYON ROBA IRI BIYU NE: A KARANTA KAHIN A SAYA

Mutanen wani gari sun tara kuɗi. Suna so su ja ruwa daga shato zuwa ɗakin haihuwa. Suna so kuma su aza tankin da rana ke ɗumama ruwa bisa ɗakin, don ungozoma ta samu ruwan zahi lokacin ɗari. Kahin su aika birni a sayo kaya, sai suka gayyaci wani ma'aikacin ruwa. Ya yi musu jawabi a wurin karatun manya, bayan la'asar. Ga abin da ya hwaɗa musu.

Harahi ɗaya ne bambancin

Ma'aikacin ya zo da guntun tiyo biyu. Ya miƙa su, kowa ya taɓa. Ya tambayi jama'a mi ya raba su. Suka ce launi kaɗai. Ya ce launi yana ruɗin mutum, a dubi rubutun da ke jikinsu. Wata ɗaliba ta karanta na farko: PVC. Ta karanta na biyu: CPVC. Ya ce a kayan da ke hitowa Turai ana rubuta shi PVC-C, duk abu ɗaya ne.

Wannan C ɗin da aka ƙara, in ji shi, yana nuhin kulor. Kulor ba baƙo ba ne. Shi ne ke cikin ruwan jabel da ake tsabtace ruwa da shi. Yana cikin gishirin miya ma. Da gishiri da man hetur ake yin robar PVC. Cikin kilo 100 na wannan roba, wajen kilo 57 kulor ne. A masana'anta sai a ƙara mata kulor har ya kai kilo 63 zuwa 69. Daga nan ta zama CPVC. Wani kamfanin Amurka mai suna B.F. Goodrich ne ya soma hitar da ita kasuwa, wajen shekara ta 1960.

Ya ja kunnen jama'a a kan abu guda. Kulor ɗin a ɗaure yake cikin robar. Ba ya kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwa. Ruwa mai dauɗa in ya shiga wannan tiyo, da dauɗarsa zai hito.

Maganar ruwan zahi

Ya ce ruwa yana tafasa a digiri 100. Tiyon PVC iyakarsa digiri 60. In zahi ya wuce haka, sai ya yi laushi, ya lanƙwashe, mahaɗinsa ya saki. Tiyon CPVC kuwa yana jimrewa har digiri 93.

Kada kowa ya raina zahin rana, in ji shi. Tun zamanin da marigayi Abdou Moumouni yake shugaban ma'aikatar ONERSOL a Yamai, ake ƙera tankunan ɗumama ruwa da rana a ƙasarmu. Da bazara ruwan irin wannan tanki yana iya wuce digiri 60. Wanda ya ja shi da PVC, kuɗin jama'a ya zubar.

Amma CPVC ma yana da iyaka. Ƙarhinsa yana raguwa in zahi ya ƙaru. A digiri 82, kashi ɗaya cikin huɗu na matsin ruwan da yake ɗauka da sanyi kaɗai zai iya ɗauka. Don haka daf da tankin a fara sa guntun tiyon ƙarhe, sannan a bi da na roba.

Ya ce wannan tiyo ba ya tsatsa kamar na ƙarhe. Ba shi da nauyi, yaro ma yana ɗaukarsa. A ƙasashen sanyi ana ɗumama ɗakuna da ruwan zahi mai zagayawa cikin tiyo, kuma CPVC yana cikin irin da ake sawa. Mu ba mu bukatar wannan. Bukatarmu ruwan wankan jego da na wanke kayan likita.

Tiyon kashe gobara

Ya tuna wa dattawa gobarar da ta cinye babbar kasuwar Yamai a 1982. Sai a 1987 aka buɗe sabuwa. Ya ce wuta tun tana ƙarama ake cin ƙarhinta. Shi ya sa a manyan gine-gine ake ja tiyo cike da ruwa can sama cikin ɗakuna. Jikinsa akwai ƙananan bakuna. Kowane baki an toshe shi da ƴar kwalba mai ruwa ciki. In wuta ta tashi, zahi ya hau sama, sai kwalbar ta hwashe, ruwa ya yi ta heshi kamar ruwan sama. Kwalba mai jan ruwa tana hwashewa a digiri 68. Bakin da zahi ya kai gare shi kaɗai ke buɗewa, sauran suna nan ruhe.

Tun 1984 ake yin wannan aiki da tiyon CPVC mai launin lemu, wanda ake kira BlazeMaster. Ana sa shi a gidaje, da otel, da asibiti, da makarantu. Wuraren da aka jibge kaya masu cin wuta kuwa, tiyon ƙarhe aka saba sawa.

Wani saurayi ya ce: «Malam, roba da wuta ai ba su shiri.» Ma'aikacin ya ce wannan robar daban take. In an kara mata wuta tana yin baƙi. In an janye wutar, sai ta mutu da kanta. Amma hayaƙinta yana cutar da ido da huhu. Kada a ƙona guntayenta cikin murhu.

Ya ƙara da cewa irin wannan shiri yana son ruwa mai matsi dare da rana. Garin da pampo ke tsayawa ba zai dogara da shi ba. A ƙauye, a nisanta rumbu da murhu, a kashe garwashi kahin a kwanta.

Yadda ake haɗa shi

Nan ya daɗe, don ya ce yawancin yoyo daga mahaɗi yake.

A yanke tiyon daidai, kada ya karkace. A kankare bakinsa, a goge ƙura, a bari ya bushe. A nemi kol wanda aka rubuta CPVC a gwangwaninsa, kol na PVC bai isa ba. A shafa a wajen tiyo da cikin mahaɗi. A tura nan da nan, a ɗan murɗa, a riƙe kamar daƙiƙa 30. Kol ɗin yana narkar da huskar robar, guda biyun su zama ɗaya. A jira lokacin da aka rubuta a gwangwani kahin a saki ruwa.

Kol yana kama wuta, warinsa yana hawa kai. A yi aiki wurin da iska ke shiga, kada a sha taba kusa.

Kada a gasa tiyo bisa wuta don a lanƙwasa shi ko a buɗa bakinsa, kamar yadda wasu masu gyara ke yi. A sayi gwiwa da mahaɗi.

Zahi yana miƙar da shi. Tiyo mai metir 10, in zahi ya ƙaru da digiri 30, yana ƙara kusan santimetir 2. Kada a ɗaure shi tamau, a bar masa wurin motsi.

Rana tana busar da shi a hankali har ya riƙa tsagewa. A bizne shi cikin ƙasa. Wanda ya rage waje, a shafa masa penti irin na ruwa. Kada man mota ko girishi ko maganin gara su taɓa shi, wasunsu suna tsaga shi. In za a gwada aiki, a gwada da ruwa. Kada a hura masa iska da inji, yana iya tarwatsewa ya ji wa mutum ciwo.

Tambayar kuɗi

Wani dattijo ya ce: «Malam, wane ya hi tsada?» Ya amsa: «Baba, CPVC ya hi tsada. Amma ba ko'ina za ku sa shi ba. Daga shato zuwa ɗaki ruwan sanyi ne, PVC mai ɗaukar matsi ya isa. Daga tanki zuwa robine kaɗai kuke bukatar mai C. Araha ba ta ado, amma ɓarna ma ba ta da kyau.»

Da aka gama, kwamitin ruwa ya zaɓi ɗalibai biyu, mace da namiji, su raka ma'aji zuwa birni. Kowanensu ya rubuta haruffan huɗu cikin littahinsa: C, P, V, C. Za su duba jikin kowane tiyo da gwangwanin kol kahin a biya ko dala.