AMSOSHIN WASIƘUNKU: Me Ke Cinye Batirin Tsohuwar Akori-Kura?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani direba a Tudun Wada, mai jigilar shinkafa da masara daga ƙauyukan Doguwa zuwa Kwanar Ɗangora da Dawanau a tsohuwar akori-kura ƙirar Peugeot, wato Fijo. Ya ce batir biyu ya saya cikin shekara guda, ƙwan fitilunsa sai ƙonewa suke yi, an kuma ce masa laifin kat'awut ne. Yana so a gaya masa mene ne kat'awut, kuma yaya zai gane shi.

To malam direba, da ku manoma da 'yan kasuwa na Bebeji da Ƙiru da ke hawa irin waɗannan motoci, ga amsa. Fijo 404 ta fara fitowa a Faransa a 1960, 504 kuma a 1968, sa'an nan aka buɗe masana'antar haɗa Fijo a Kaduna a 1975. An daɗe da daina haɗa waɗannan samfura, saboda haka wadda ke hannunka ta bi ta hannun masu gyara da yawa, kowa ya yi nasa ƙarin.

Batir tamkar randa yake. Altaneta, ko dainamo a motocin da suka fi tsufa, shi ne mai ɗebo ruwa yana zubawa. Kat'awut kuwa shi ne mai tsaye a bakin randar yana cewa ƙara, ko ya isa. In ya lalace, ko dai randa ta yi ambaliya, ko ta ƙafe.

Ka buɗe bonet ka duba, domin iri uku ne. In motarka mai dainamo ce, za ka ga ɗan akwatin ƙarfe ɗaure a jikin bodi, na Faransa an rubuta BAT da DYN da EXC a bakin wayoyinsa. In mai altaneta ce ta da, akwatin ya fi ƙanƙanta, galibi da alamar + da EXC. Na kamfanin Bosch kuwa za ka ga D+ da DF da D-. Iri na uku yana manne ne a bayan altaneta kanta. Sau da yawa an riga an sauya wa mota irin wannan altaneta, an bar tsohon akwati a wurinsa ba ya aikin komai, mutum ya yi ta sauya shi a banza. Kada kuma a yarda a sa na dainamo a kan altaneta. In za ka Ƙofar Ruwa saye, tafi da tsohon a hannunka a gwada lamba.

Amma kafin ka fid da ko kwabo, je wurin mai gyaran waya, wato rewaya, wanda ke da mita, ya auna a gabanka. Ƙarfin wuta da bolt ake ƙidaya shi. Inji a kashe, lafiyayyen batir yakan nuna kimanin bolt 12.6. An ta da inji an ɗan taka totur, ya kamata ya tsaya tsakanin 13.5 da 14.5. In ya haura 15, caji ya yi yawa. Alamunsa su ne irin waɗanda ka faɗa: ƙwan fitila na ƙonewa, ruwan batir na ƙafewa, batir na zafi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. In bai kai 13 ba, caji ya gaza, kullum sai an tura.

Inda babu mita, ka haska fitila a jikin bango da dare, ka taka totur a hankali. Ɗan ƙarin haske ba laifi ba ne. In hasken ya yi ta ƙaruwa har yana kashe ido, caji ya yi yawa.

Sai dai fa ba kullum kat'awut ke da laifi ba. Fara duba fambel, in ya yi sako-sako caji ba zai samu ba. Kankare farin garin da ke taruwa a kan batir. Sa'an nan ka duba wayar at, wadda ta haɗa batir da bodi da inji. Ƙurar rani da lakar damina kan sa ta tsatsa, nan ne za ka ga abin al'ajabi: ka kunna sigina, fitilar baya ta kama ƙiftawa. Ba aljannu ba ne, wuta ce ta rasa hanyar komawa. Shi kansa akwatin kat'awut, in mazauninsa ya yi tsatsa, yana iya sa caji ya yi yawa alhali lafiyarsa lau. Yashi da sifana sun isa maganin wannan.

Gargaɗi uku. Kada a cire kan batir inji na aiki wai don a gwada caji, wannan ɗabi'a tana kashe altaneta. Kada a ƙara wa batir ruwan rijiya, sai tataccen ruwan batir. Kada kuma a kusanto shi da taba ko ashana, iskar da yake fitarwa tana fashewa.

Duk wanda ya san hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa ya san dajin Falgore ba wurin da mutum zai so fitila ta mutu masa ba ne da dare, ga kayan mutane a baya. Rigakafi ya fi magani: a auna tukuna, sa'an nan a saya. Da fatan an gamsu. Allah ya kiyaye hanya, sai mun ji daga gare ku.